Kafin Ka Kai Su Husna Bakin Ruwa

Faskari,
ranar Juma'a bayan la'asar.

Assalamu alaikum, Abba.

Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka kun sauka Zariya lafiya, kai da ƙannenka, babu abin da ya tare ku tsakanin nan da Funtuwa ko tsakanin Funtuwa da can. Allah Ya tsare gabanku da bayanku. Ka gaishe mani da Goggonku Rabi, ka ce ina godiya da ta yarda ta riƙe Husna da Sagir su yi karatu a wurinta, tunda makarantar nan yau a buɗe take gobe a rufe. Kai kuma Allah Ya sa albarka a aikin haɗa sola da ka samu. Na ba Innarku takardar ta sa maka cikin jaka, ƙarƙashin kaya, don na san ba zan iya miƙa maka ita hannu da hannu ba. Sau ukku ina farawa ina yagewa. Wannan ko ta yi ko ba ta yi ba, haka za ta tafi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi duka. Maganar jiya ce ta sa ni rubutu. Kuna tsakar gida kuna ɗaure kaya, ina kan tabarma a gindin darbejiya, sai Sagir ya ce maka, "Yaya Abba, an ce akwai dam a Zariya. Za ka kai mu mu yi wanka?"

Ka ce, "Ni da ruwa sai a buta."

Husna ta ce, "Ƙato da kai, har da gemu, agwagwar Inna ta fi ka zuciya."

Ka yi 'yar dariya ka ci gaba da ɗaure buhu. Da Sagir ya matsa maka da tambayar dalili, sai ka ce, "Ku tambayi Baba, yana da shi a rubuce." Ba ka dube ni ba. Ni kuma na duƙa ina laluben biro, alhali yana hannuna.

Gaskiya ka faɗa, a rubuce yake. Tun ina sakandare a Ƙanƙara nake rubuta abin da ya faru a yini, ranar da aka yi ruwa, ranar da aka yi shuka, inda na je da ƙarfe nawa na dawo. Yau da safe na fito da littattafan daga adaka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani shi ne na rubuta lokaci daidai, na rubuta wuri daidai, amma kuskurena ban cika rubutawa ba. Shi zan rubuta maka yanzu. Buƙatata guda ce: ka riƙa fita da yaran nan, ka kai su dutse, ka kai su ruwa. Na san ni ne sanadin da ya sa ba ka so, shi ya sa sai na fara da kaina.

Fitarmu ta farko kana da shekara bakwai. Na ɗauke ka da Nura, ɗan Baffanka Lawal, a kan mashin muka tafi dutsen nan da ke bayan gonar da muke nomawa wajen Sheme. Kwana biyu ina tsara tafiyar. Na rubuta abin da za a ɗauka: ƙuli-ƙuli, dafaffen rogo, gorar ruwa ɗaya, ashana, wuƙa. Sai dai na tsaya jiran kokon safe, na tsaya facin taya, ba mu isa gindin dutsen ba sai da hantsi ya ɗaga. Ni na shige gaba da dogon takuna, ina duba agogo don in san minti nawa za mu yi mu kai sama. Kuna bayana da silifa kuna haki. Mun kai, mun ga rema, mun hango garin Sheme kamar an zuba tsakuwa a faranti, kun ji daɗi. Kafin mu juyo ruwa ya ƙare, dutsen kuma ya ɗauki zafi. A gangara silifar Nura ta tsinke. Na saɓa shi a kafaɗa. Taka ma tana zamewa a kan santsin dutse, sai na ce ka cire ka riƙe a hannu. Haka ka sauko da ƙafa ba takalmi.

Da yamma Innarku tana shafa maka man kaɗe a tafin ƙafa, duk ya yi bororo, ni kuma ina rubutu. Ta ce, "Malam, ka rubuta ƙarfe nawa kuka kai sama?"

Na ce na rubuta.

Ta ce, "To juya shafi ka rubuta ƙafar yaron nan."

Ban rubuta ba. Na duba yau, abin da ke wurin shi ne, "Mun hau cikin minti arba'in."

Saboda haka idan za ka kai su dutse, ku fita da an idar da sallar asuba, abin kari ku ci shi a sama. Kafin rana ta yi tsaka ku kasance kun sauko. Kowane yaro da takalmi rufaffe, ko na makaranta ne, kuma kowa da robar ruwansa a hannunsa. Sagir ne ƙarami, shi za ka sa a gaba, tafiyarsa ita ce tafiyar kowa. Kai ka zama na ƙarshe. Saukowa ta fi hawa haɗari, inda ya yi santsi a zauna a ja gindi, babu abin kunya a ciki. Kada su sa hannu cikin tsagar dutse, kuma in kun ji ƙugin zuma ku canza hanya ba gudu. Agogo ka bar shi cikin aljihu. Husna za ta tsaya kallon ƙadangare ko wani ɗan fure, ka bar ta, don abin da ya kawo ku ke nan.

Na biyu, kwanan gona. Shekarar da ta biyo baya, da kaka, muka je Damari karyar masara a gonar kakanku. Lokacin daji lafiya lau, mutum ya kwana a bukka ba abin da yake tsoro sai sauro. Baffanka Lawal ya ce mu yi shimfiɗa a kan tudu inda suka saba. Na ce a'a, na ga wani kwari mai yashi mai laushi kusa da fadama, yara za su fi jin daɗin kwanciya. Ya ce, "To, ɗan boko, je ka." Na kafa mana 'yar rumfa da karan dawa. Gidan sauro ba ya cikin jerin da na rubuta, don haka ban zo da shi ba. Gari ya waye raɓa ta jiƙa mu sharkaf, fuskarka duk cizo. Na jawo takalmina da na bari a waje na zura ƙafa, kunama ta harbe ni a babban yatsa.

Lawal ya sauko daga tudu ya same ni ina tsalle da ƙafa ɗaya. Ya ce, "Ashe ita kunamar ba ka ba ta jadawalin ta karanta ba?"

Har yau in ya ga na fito da biro sai ya ce a kakkaɓe takalma. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne bayan kwana goma zazzaɓi ya kwantar da kai har sai da aka yi maka ƙarin ruwa.

Darasin a nan gajere ne. Inda mutanen wuri suka saba kwana, akwai dalili, ko ba su faɗa maka ba. A kwanta a tudu, nesa da ruwa. Gidan sauro kafin abinci. Takalmi a kife shi, a kakkaɓe kafin a sa. Wuta a share kewayenta, a kashe ta da ƙasa. Amma ka ji ni da kyau, a wannan zamani ban ce ka kwana da yaran nan a daji ba, ko an ce maka wurin lafiya. Tsakar gidan Goggo ya isa. Ranar da babu hadari ka ɗaura masu gidan sauro tsakanin turame biyu ko jikin bishiya, ku gasa masara a gawayi, su kwana suna kallon sama. Su da ba su taɓa kwana a waje ba, wannan ma tafiya ce a wurinsu.

Yanzu sai ranar rafi. Kana da shekara tara, ana hutun makaranta, cikin marka, muna Damari. Na ƙudura zan koya maku iyo, don ni a rafin nan na koya, da gora biyu ɗaure a ƙirji. Na duba littafina na ga kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Rana ta fito tas. Na ɗauke ku ku ukku: kai, da Nura, da Sani ɗan maƙwabcinmu Alhaji Mamman, shi yana da shekara shida. Ruwan iya gwiwata yake, a tsakiya akwai tudun yashi kamar faɗin ɗaki. Can na tsallaka da ku, na ce za a yi rabin awa. Ni na dawo gaɓa in ninke kayanku.

Akwai wani dattijon makiyayi, Malam Buba, yana kora shanunsa daga cikin rafin zuwa tudu, alhali ba su gama sha ba. Ya tsaya kusa da ni muka gaisa. Ya ce, "Yaran nan naka ne?"

Na ce, "Na 'yan'uwa ne." Ka san yadda muke, mutum ba ya nuna ɗan farinsa da baki.

Ya ce, "Fitar da su. An sha ruwa can wajen duwatsu tun safe."

Na ce, "Baba, yau kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Ina rubutawa."

Ya ce, "A ƙofar gidanka ne ba a yi ba. Rafin nan ba daga ƙofar gidanka ya taso ba. Dubi abin da yake kawowa."

Na duba. Ga busasshen kashin shanu yana wucewa, ga karmami, ga 'yar kumfa, ruwan da ke garau ya fara komawa kalar kunun kanwa. Na gani da idona. Na ce mashi, "To Baba, yanzu za mu fita." Sai na duba agogo, na ga saura minti goma rabin awa ya cika, kuna ta dariya kuna watsa wa juna ruwa, na ce a raina bari su cika lokacinsu. Malam Buba ya dube ni, ya bar shanunsa a tudu, ya bi gaɓa ya gangara. A lokacin na ɗauka fushi ya yi.

Ƙarar na fara ji, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Kafin in iso wurinku ruwan ya kai mani ƙugu, tudun yashin ya rage kamar faɗin tabarma. Ku ukku ne, hannuna biyu. Na ɗora Sani a wuya. Na kama Nura a hammata. Na ce maka, "Tsaya nan, kada ka motsa, ina dawowa." Ka ce, "To, Baba." Ba ka yi kuka ba, ba ka kama rigata ba. Na tsallaka da ƙyar na dire su, na juyo, babu tudun, babu kai.

Malam Buba ya san inda rafin ke watsar da abin da ya ɗauko, wata kwana ce da ke ƙasa inda saiwar wani marke ta shiga ruwa. Can ya tafi tun da ya bar ni. Ya kwanta a kan saiwar ya miƙa sandarsa, Allah Ya sa ka kama. Da na iso da gudu na tarar ya kifa ka a cinyarsa kana amayar da ruwa. Ya ɗago ya ce, "Wannan na wane ne cikin 'yan'uwan?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Naka ne ka bari?"

Ya miƙo mani kai, ya ɗauki sandarsa ya koma wurin shanunsa.

Abin da ya biyo baya ka gani, don kana zaure a kwance cikin bargo. Mutane suka yi ta shigowa. Ana cewa Isiyaku ya yi kara, ya fitar da 'ya'yan mutane ya bar nashi. Alhaji Mamman ya zo da goro yana hawaye yana sa mani albarka. Na sunkuyar da kai ina cewa ba komai, yi wa kai ne. Na karɓi yabon nan a gabanka. Ban gaya wa kowa an gargaɗe ni ba, ban gaya wa kowa maganar minti goma ba, har Innarku sai bara ta ji. A littafi kuwa ga abin da na sa: "Mun je rafi. Ruwa ya kawo. Kowa lafiya, alhamdu lillahi."

Shekara goma sha ukku ina juya abin nan. Ɗaukar Sani daidai ne, shi ne ƙarami. Amma tsakaninka da Nura, shi ya fi ka tsawo, kuma ya ɗan iya taka ruwa, kai ba ka iya ba. Da rauni na duba, kai zan ɗauka. Abin da ya zo mani a zuciya a tsakiyar ruwan shi ne da wane ido zan dubi Lawal, kuma me gari zai ce in na fito da nawa na bar na ɗan'uwana. Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙi, in ce ka kama bayan rigata da hannu biyu mu tsallaka gaba ɗaya. Ko kusa bai zo mani ba. Ina jin don ban saba ba ne. Tun da aka haife ka ban taɓa riƙe hannunka a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba don sunan mahaifina ne, in za a raba abu kai ne ƙarshe. Haka aka yi mani, haka na ga ana yi, kuma ban ce al'adar banza ce ba, tana koya wa mutum kada ya fifita nashi. Sai dai na shiga ruwa da ita, kuma ba wurinta ba ne. Ban tabbata ko da na ɗauke ka Nura zai tsira ba. Wannan Allah kaɗai Ya sani. Abin da na tabbata shi ne da na ji maganar dattijon nan, da babu zaɓin da zan yi.

To ga abin da nake so ka riƙe. Babba ɗaya kada ya shiga ruwa da yara fiye da biyu, hannu biyu gare ka. Da damina kada ku shiga rafi mai gudu ko rana ta fito, ruwan da zai zo ba a kanku aka yi shi ba. In ka ga launi ya canza, ko kumfa, ko shara tana wucewa, ku fita a lokacin, kada ka ce bari a ƙarasa. Kada ka taɓa tsallakar da yara tudun tsakiya, su tsaya ɓangaren da kuka ajiye kaya. Duk wanda ka tarar yana aiki a bakin ruwa, masunci ne, makiyayi ne, mai wanki ne, mai ɗibar yashi ne, ka gaishe shi ka tambaye shi, abin da ya ce shi ne. Kuma in Allah Ya kawo ranar zaɓi, Allah kada Ya kawo, ka dubi wanda ya fi rauni, kada ka dubi bakin mutane. Wata rana za ka haifi naka. A zaure ka yi masa duk alkunyar da kake so. A bakin ruwa ka riƙe shi.

Kuskurena na ƙarshe shi ne wanda na fi daɗewa a ciki. Daga ranar nan na hana kowa a gidan nan zuwa ruwa, ban ba da dalili ba. Kai ba ka ma buƙaci hani ba, ko gada muka hau a mota sai ka runtse ido, ina ganinka ta madubi ina yin kamar ban gani ba. Na yi ta cewa bari ka ƙara girma in zaunar da kai. Ana haka mutanen daji suka rufe hanyoyi, gonar Sheme ta gagara, Damari sai a shekara ba a leƙa ba. Ban ji daɗin abin da ya same mu ba, amma in faɗi gaskiya ya ba ni mafaka, na daina zama mai hani, zamani ne ya hana. Husna da Sagir suka tashi tsakanin gida, makaranta da Islamiyya. Rannan Husna ke tambayata wai rema tsuntsu ce ko kifi.

Na ɗauka yaron da ba a kai ruwa ba ya tsira daga ruwa. Bara da damina, lokacin kana Funtuwa wajen koyon aiki, Sagir ya shigo da wando jiƙe ya ce ruwan sama ne, alhali ba a yi ba. Na bi sawu na gano su shida suke zuwa ramin da masu bulo suka haƙa a bayan gari. Ramin ya fi tsawona zurfi a tsakiya, gefensa laka ce mai santsi, kuma cikinsu babu wanda ya iya iyo. Na tambaye shi me ya kai shi.

Ya ce, "Baba, kowa na zuwa. Ni a gefe nake tsayawa."

Na ce, "In ƙafarka ta zame fa?"

Ya ce, "Sai in riƙe numfashi."

Na zane shi, abin da ban cika yi ba. Bayan wata biyu ya fara fitsari da jini, abokansa suna ce mashi ai girma ne ya zo. Tsargiya ce, sai da muka karɓo magani a asibiti. A ranar na gaya wa Innarku maganar Malam Buba. Ta ce, "Malam, ba ni ce ya kamata ka gaya wa ba."

Ka gane inda na dosa. Sagir zai nemi ruwa a Zariya, ko da kai ko ba kai. Goggo ba za ta iya bin sawunsa ba. In ba wanda ya koya mashi, zai koya a rami tare da yaran da su ma ba su iya ba. Ni abin da ke hana ni sukuni ke nan tun da aka sa ranar tafiyarku.

Game da inda za ku je, ban san Zariya sosai ba, kada ka ɗauki maganata a kan ta mutanen can. Na ji ana hawan dutsen Kufena, ka tambayi mijin Goggo ko har yanzu ana zuwa, da wace rana mutane suka fi yawa. Ƙa'idata ita ce wurin da za a je a dawo kafin azahar, wanda waya ke kamawa, wanda za ka tarar da wasu iyalai da yaransu. In kun isa kun ga ku kaɗai ne, ku juya. Ka gaya wa Goggo inda za ku da lokacin dawowa, kuma ka tafi da wani babba ko da mutum ɗaya ne. Dam kuwa a je a kalla, a ga masunta da jiragensu, a sayi soyayyen kifi, amma ba a shiga, gefensa yana yaudara. Kududdufi da duk ruwan da ke kwance wuri ɗaya, babu. Don koyon iyo ka nemi irin wurin wankan da aka gina da siminti, mai ɓangaren yara, wanda ake ganin ƙasansa, kuma akwai mai lura a tsaye. An ce akwai su a can. Ka je kai kaɗai tukuna ka duba, ka ga ko mai luran yana kallon ruwa ko wayarsa yake kallo.

Kada ka bar Husna a gida. Yayarta Zainab ta taɓa ce mani, ranar da za a kai ta ɗakinta, "Baba, mu ko dutsen ba a taɓa kai mu ba, sai dai mu dafa rogon." Dariya take yi amma na ji. Husna shekararta goma, nan da shekara biyu ita da kanta za ta ce ba ta shiga. Ka tambaya ko akwai ranar mata, Goggo ta raka ta, a ɗinka mata riga da wando masu kauri. Ita ma tana hawa mota tana bin gada kamar kowa.

Na san abin da za ka ce, yaya wanda ba ya shiga ruwa zai kai wasu. Na yi tunanin wannan. Ba zan ɗora maka abin da ni na ɓata ba in koma gefe. Dutse da kwanan tsakar gida ka fara da su tun yanzu. Ruwa kuma ka nemo wurin kawai, ka ja wa Sagir kunne ya jira, ka ce Baba ne ya ce da kanshi zai zo. In an gama karyar masara, in Allah Ya kai mu kuma hanya ta yi kyau, zan shigo motar Funtuwa in zo. Har yanzu na iya, jiki ba ya mantawa. Husna da Sagir za su zauna a gefe wurin Goggo su jira. Zan shiga in tsaya inda ruwa ya kai ƙugu, a gaban duk wanda ke wurin, in miƙo maka hannu biyu. Kai zan fara riƙewa, kuma ba zan saki ba sai ka ce in saki. In an tambaye ni ɗan wane ne wannan ƙaton, zan faɗa.

In ka ga ba za ka iya ba, ko ba ka so daga hannuna, ka gaya wa Innarku a waya, zan gane, kuma zan zo duk da haka saboda yaran. Neman gafara ban sa shi cikin takarda ba, wannan da baki ake yi, kuma na ƙudura zan yi.

Allah Ya kiyaye ku a tudu da cikin ruwa, a hanya da cikin gida. Ya raba ku da mugun ji da mugun gani, Ya ba ka haƙurin riƙon ƙannenka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu har mu koma Damari da ƙafarmu. Ka riƙe salla a kan lokaci. Innarku tana gaishe ku, ta ce yajin da ke cikin gwangwani na Goggo ne, kada ku taɓa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku